Goggo, Sun Gayyace Ni Zaman Karatu da Kiristoci

Tambaya:

Assalamu alaikum Goggo, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Wata abokiyar aikina Kirista, wadda shekara shida muna kwana a asibiti tare, ta gayyace ni wani zama da suke yi a Barnawa duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Ta ce Musulmi da Kirista ne, kowa ya karanta ɗan abu daga littafinsa, a yi shiru na ɗan lokaci ana tunani, sannan a tattauna. Maigidana bai hana ni ba, amma mahaifiyata ta ce da haka ake jan mutum a hankali har ya bar addininsa. Raina yana son zuwa, kuma ina tsoro. Me kika gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da gode wa Allah da ya bar miki uwa mai yi miki tsoron imaninki. Kada ki raina maganarta, ta ga abin da ba ki gani ba a garin nan.

Ni ma na gani. A Kakuri muke zaune, maigidana yana aiki a masaƙa, har zuwa Fabrairun 2000 da rikicin Shari'a ya ɓarke. Katanga ɗaya muke da wata mata Kirista, ita ce ta riƙe mini fitila ranar da na haifi autana. Cikin mako guda muka tattara muka tsallake kogi zuwa Kawo, ita ta koma Sabon Tasha. Na 2002 ya zo ya ƙarasa raba abin da ya rage. Shekara goma sha ɗaya ban sa ta a ido ba, alhali kuɗin mota ne kawai tsakaninmu. Da muka haɗu a wajen wata ta'aziyya, ita ce ta ja ni irin zaman da kike magana a kai, kuma har yau ina zuwa.

Mu tara ne, duk mata, muna zama a wani ajin firamare da ake ba mu aro. Zaman da ba zan manta ba shi ne wanda muka ɗauki labarin Annabi Yusuf, alaihis salam. Tsohuwar maƙwabciyar tawa ta buɗe littafin Farawa na Baibul, sura ta 45, inda Yusuf ya kasa daurewa, ya fitar da kowa, ya fashe da kuka a gaban 'yan'uwansa yana tambaya ko mahaifinsa na da rai. Ni kuma na karanta aya ta 92 ta Suratu Yusuf, inda ya ce musu babu zargi a kanku yau, Allah ya gafarta muku. Daga nan aka ce a yi shiru minti goma. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai ƙarar masu keke a titi. Wata da ke gefena, wadda aka kashe mata ƙani a 2000, ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Ba wadda ta ce mata komai. Da lokaci ya cika, wata daga ɗaya ɓangaren ta miƙa mata ruwa.

A ranar ma ba mu ɓoye bambanci ba. Na gaya musu cewa a wurinmu rigar Yusuf aka ɗora a fuskar Annabi Yaƙub ganinsa ya dawo, suka ce su ba su da wannan a nasu. Mutumin da ya sayi Yusuf a Masar, su Fotifar suke kiransa, mu Azizu muka sani. Kowa ya faɗi nasa, aka wuce. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ki riƙe. Idan kika ji shugaban zaman yana cewa ai duk addini ɗaya ne, a haɗa hannu a yi addu'a guda, ko a maimaita wasu kalmomi tare da ido a rufe, ki yi musu sallama cikin mutunci ki tafi. Kirista mai riƙo da addininsa shi ma ba zai yarda da wannan ba. Haka nan idan kika lura wa'azi aka ɓoye a ƙarƙashin gayyatar, daga kowane ɓangare.

Shirun kansa kada ya firgita ki, namu ne. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu ambaton Allah a tsaye da zaune da kwance, suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Ni a cikin minti goman nan istigfari nake yi a zuciyata, ina juya ayar da na karanta. Abin da ta kusa da ni take faɗa wa Ubangiji a nata shirun, tsakaninsu ne. Kuma ki tuna Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a fadar Najjashi, sarkin Habasha, a gaban limaman coci, har suka zubar da hawaye. Hukuncin fiƙihu dai na malamai ne, don haka ki kai wa malamar Islamiyyarku bayanin zaman yadda yake, ba ragi ba ƙari.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa zama abokan gaba, a rikicin 1992 faston ya rasa hannunsa, liman ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a garin nan, kuma har yau ɗaya liman ne, ɗaya fasto.

Ki je sau ɗaya ki gani da idonki. Ni ba na ɗaukar Mus'hafi zuwa can, ina kwafe ayoyin da fassararsu a takarda, daga fassarar marigayi Sheikh Abubakar Gumi, kuma ina duba tafsirinsu tun a gida don kada a tambaye ni in faɗi abin da ba haka ba. Ki gaya wa ƙawarki za ki tashi in La'asar ta yi, su nuna miki inda za ki yi alwala. Mu a namu zaman, su ne ma suke tuna mana lokaci.

Mama kuwa, kada ki tafi tana fushi. Ki karanta mata ayoyin da za ki je da su tun daren Juma'a, ki dawo kafin Magariba, ki biya ta wurinta ki ba ta labarin duk abin da aka karanta da abin da aka ce. In da hali, wani watan ki kawo ƙawar taki gida ta gaishe ta.