Jini, ƙashi da ganda: amsoshin likita kan abin da ke fitowa daga kwata

Tambaya: Likita, ina kiwon kajin gidan gona, kuma tsadar waken suya ta ishe ni. An ba ni shawarar in riƙa karɓo jini daga kwata ina haɗa musu a abinci. Ba zai cutar da masu cin ƙwan ba? Daga wata mai kiwo a Zariya.

Amsa: Hajiya, shawarar tana kan hanya, amma da sharaɗi. Busasshen garin jini yana ɗauke da sinadarin gina jiki wajen kashi 80 cikin 100, kusan ninki biyu na abin da ke cikin garin waken suya. Abin takaici ne a ga yana kwarara cikin lambatu yana wari. Sai dai ɗanyen jini gidan ƙwayoyin cuta ne, musamman salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kuma tana iya bi ta jikin kaza ta shiga ƙwai. A tare jinin a mazubi mai tsabta lokacin yanka, kada a kwaso wanda ya riga ya zuba ƙasa. A tafasa shi a ranar har ya dunƙule ya yi baƙi, a tsane ruwan, a shanya a kan leda har ya bushe ƙarau yana marmashewa a hannu, sannan a niƙa. Idan kin ji yana tsami ko ya yi danshi a buhu, ki zuba shi a gona, taki ne mai kyau. Kada ya wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na abincin, domin kaji ba sa son ɗanɗanonsa, idan ya yi yawa sai su rage ci. Hukuncin ciyar da dabba jini kuwa, wannan fagen malamai ne, ki tuntuɓe su.

Tambaya: Ni mahauci ne, ƙasusuwa sun taru mana tuli. Zan iya niƙa su da guntattakin nama in ba shanun da nake turkawa? Daga Katsina.

Amsa: A'a, Malam, kada ka soma. Wannan hanyar ce ta jefa Ingila cikin masifa. A 1986 aka gano cutar haukan shanu a can, bincike ya nuna garin nama da ƙashi da ake ba shanu ne ya yaɗa ta. An hana ba su shi a 1988, amma aikin gama ya gama: a 1996 aka bayyana cewa cutar tana kama mutanen da suka ci naman, kuma ta kashe mutum 178 a Birtaniya. Abin da ke haddasa ta wani gurɓataccen furotin ne mai cinye ƙwaƙwalwa, wanda dafuwa irin ta gida ba ta kashe shi, magani kuma babu. Saniya, tunkiya da akuya masu tuƙa ne, ciyawa da dusa da harawa ne abincinsu.

Ƙasusuwan naka kuɗi ne. A ƙona su har su yi fari, a daka, masu kajin ƙwai za su saya saboda kalsiyam da fosfaras da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai, manoma ma suna so. Amma dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, kada a feɗe ta, kada a ɗauki ƙashinta ko ƙirginta. Alamar ciwon saifa ke nan, wato antiraks, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Ƙwayarsa tana shekaru da dama a cikin ƙasa da ranta. A kira likitan dabbobi.

Tambaya: Wai gaskiya ne ganda ba ta da amfanin komai a jiki?

Amsa: An yi ƙari. Akwai furotin a cikinta, irin wanda ake tatsa daga fata da ƙashi a yi kwanson maganin kafso, sai dai bai cika ba, bai kai na nama, ƙwai ko wake ba. Kada a ba yaro ganda a ce ya ci nama. Ni abin da ya fi damuna shi ne babbaka da tsohuwar taya ko roba, domin hayaƙin yana barin sinadaran da ake alaƙantawa da ciwon daji a jikin fatar, mai babbakar kuma shi ya fi kowa shaƙa. Ki shinshina kafin ki saya: idan warin taya ya buge ki, ki wuce gaba. Wadda aka babbake da itace ko aka tuje da ruwan zafi ta fi.

Tambaya: Gidanmu yana bayan kwata, ruwan rijiyarmu ya fara wari.

Amsa: Ku daina sha nan take, ku kai a gwada shi. Ku haɗa kai da mai unguwa da Sarkin Fawa a daina sakin dattin tumbi da ruwan wanki a lambatu. Idan aka tara su a rufaffen rami suka ruɓe, gas ɗin girki ake samu, ragowar kuma taki. Kafin a kai ga haka, duk ruwan da za ku yi girki ko wanke kwano da shi ku tafasa tukuna.