Amsa ga Sani a kan abin da za a haɗa da Laravel

Sani, ka tambaye ni wanne za ka ɗora a kan Laravel, tsarin nan na gina manhajar intanet, domin ɓangaren da ke aiki a cikin burauza, React ko Vue ko Angular, waɗanda duk kayan gina shafi ne da JavaScript, harshen da burauza ke aiki da shi. Da wani ne da na ce ya je ya karanta, amma tambayar nan ta fama mini tsohon gyambo.

A shekarar 2015 wani Alhaji, dillalin hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe, mai rumbuna a Kumo da Bajoga, ya ba ni aikin manhajar lissafin buhunan da ke shiga da fita. Na zaɓi AngularJS, wato Angular na farko, ba don aikin ya buƙace shi ba, sai don sunan Google da ke kansa. Sai na wayi gari ina gina gida biyu a fili ɗaya: Laravel yana miƙa bayanai kawai, AngularJS yana zana shafi, kuma kowace ƙa'ida, daga tantance farashi har zuwa izinin shiga, sai na rubuta ta sau biyu. A ofishina komai yana gudu kamar ruwa. A Bajoga kuwa, yaran Alhaji masu ƙananan wayoyi sukan zauna suna kallon farin allo motar kaya tana jira, domin dole burauza ta sauke tulin JavaScript kafin ta nuna ko layi ɗaya.

Ina cikin wannan gyara, a watan Satumba na 2016, Google ya fitar da Angular 2, wanda aka sake rubutawa daga tushe da TypeScript, wani harshe da aka gina a kan JavaScript, kuma bai jitu da tsohon ba. Wani ɗan ƙanwar Alhajin, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba kuma bai taɓa kammala aikin kowa ba, ya raɗa masa cewa tsohon yayi na sayar masa. Alhaji ya riƙe rabin kuɗina, alhali ya ci gaba da amfani da manhajar fiye da shekara biyu. Har yau idan muka haɗu a wurin ɗaurin aure, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Saboda haka, idan aikinka fom ne da jadawali da rasit, ka tsaya a kan Blade, abin zana shafi da ke zuwa tare da Laravel, ka ƙara Livewire, wanda ke barin lissafin a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar, ya aiko wa waya ɗan abin da ya canza. Idan shafin yana da motsi da yawa, ka ɗauki Vue ta hanyar Inertia, gadar da ke haɗa shi da Laravel, domin sun daɗe da sabawa da Laravel.  React, wanda Facebook ya saki a 2013, yana da kyau, amma ni ban ɗauke shi sai idan akwai manhajar waya da za ta sha daga rijiya ɗaya da shafin, kuma akwai wanda zai kula da shi bayana.

Yadda ake girka su ba zan ɓata bakina a kai ba. Ku yaran yanzu kun fi son abin da ake yayi a YouTube, ba ku tambayar wace waya ce a aljihun mai aikin. Gobe ka zo da tsohuwar wayar nan taka, mu rage mata ƙarfin intanet, mu buɗe abin da ka gina in gani da idona.