Amsa ga mai tambaya kan sauƙaƙa gem

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kamfanoni suna sauƙaƙa gem da gangan don su jawo kowa da kowa. Na daɗe ina riƙe da ɗakin gem a Sabon Gari, nan Damagaram, tun zamanin PlayStation 2, kafin nan kuma ni ma ina cikin yaran da ke tsayuwa a bayan benci suna jiran a miƙo musu manet, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan. To ga abin da idona ya gani.

Suna sauƙaƙawa, babu ko tantama. Duk wanda ya buga GTA San Andreas na 2004 ya san aikin nan na bin jirgin ƙasa a kan babur. In ka faɗi, sai ka sake tuƙi tun daga inda aka ba ka aikin. Na ga yaro ya kwana uku a kansa. A GTA V na 2013 kuwa, in ka faɗi sau 3 a wuri guda, wasan da kansa zai ce ko ka tsallake. Nintendo ma ta yi haka a Mario na Wii a 2009: ka mutu sau 8, Luigi ya fito ya nuna maka hanya.

Amma mu daina yi wa wahalar da kirari kamar dukkanta gwaninta ce. Contra ya fara ne a 1987 a injin da ake jefa wa kuɗi, kuma mai injin ba ya son ka daɗe. Harsashi ɗaya, ka mutu, in rayukanka suka ƙare ka sake jefawa. Da aka kawo shi kaset, wasan gajere ne, wahalar ce ke tsawaita shi. Kuma tsakani da Allah, wa a cikinmu ya ƙare shi da rai 3? Lambar sirri muke dannawa a manet: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, rai 30 ya fito. Mu ma sauƙi muke nema tun lokacin.

Sai kuma wahalarmu ta nan, wadda masu ƙera wasan ba su ma san da ita ba. Faifan wasan ƙwallo na Winning Eleven da ke zuwa mana rubutun Japan ne, haddace layin muke yi: na biyu ka shiga, na huɗu ka canja ɗan wasa. Katin ajiya ɗaya ne ga ɗaki duka. A watan zafi kana dab da ƙare mataki wuta ta ɗauke, kafin a tada gurup, wato janareta, komai ya tafi, ka ji ɗaki ya yi tsit sai zufa. Saboda haka wasan da ke ajiye maka inda ka tsaya da kansa, ni rahama na ɗauke shi. Haka Free Fire, da ya fito a 2017: mutum 50, minti 10 ko kusa, yana tafiya a ƙaramar waya. Ai don irinmu aka yi shi. Ɗan kabu-kabun da ya wuni a rana ya zo bayan isha'i da dala 20, so yake ya ci ƙwallo ya yi ihu, ba shi da wata guda na koyon maɓalli.

Mai son wuya kuma bai rasa ba. Elden Ring na 2022 ba shi da zaɓin sauƙi ko kaɗan, amma ya sayar da sama da kwafi miliyan 20 cikin shekara guda.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Yanzu ana saka wahalar ne don a sayar maka da maganinta. Tun 2015 Mortal Kombat X ya sa a kasuwa hanyar yin kisan ƙarshe da maɓalli biyu, abin da muke rubutawa a bayan littafin makaranta muna haddacewa. A waya abin ya fi muni. Akwai wani yaro da ke zuwa wurina, hannunsa na da kyau ƙwarai, yankan da yake yi sai ka tashi tsaye. A wani wasan ƙwallo na waya ya yi ta shan kashi a hannun waɗanda ba su kai shi ba, don kawai sun sayi manyan 'yan wasa. Ran nan na same shi a bakin ƙofa ya zuba jaka 2 na kati, kuɗin da ya tara daga ɗaukar kaya a kasuwar Dole, ɗan wasan da yake nema kuma bai fito ba. Bai ce komai ba, ya juya wayar ya kife a cinya. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Tun daga lokacin na sa doka a gasar da muke yi ranar Juma'a bayan la'asar: ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya, a kashe taimakon fasin da na shot, babu wanda zai shigo da abin da ya saya. Wasan farko kowa ƙwallonsa waje take tafiya, ana ta dariya. Yaron nan shi ya ɗauki gasar sau biyu a jere. In kana gari ka leƙo ka gwada hannunka da shi, manet na nan.