Amsar Goggo a kan maganar auren Innarku

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi har sau biyu. Kin ce wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana neman auren Innarku, ita kuma ba ta ce a'a ba, har yayanku ya daina shiga gaishe ta da safe, ƙannenki kuma sun rabu gida biyu. Kina tambaya ko gaskiya ne a al'adarmu ta Sakkwato abin kunya ne mace mai shekara 58, mai jikoki, ta sake yin aure.

In da akwai wanda ya kamata wannan magana ta yi wa zafi, to ni ce, domin marigayin da kuke yi wa kishi cikinmu ɗaya da shi, a bayana ya yi wayo. Duk da haka ban ga cin amanarsa a ciki ba. Innarku ta yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, ta yi masa takaba wata 4 da kwana 10, ta ƙara shekara 6 a kai tana zaune. Bayan sallar azumi na kwana a gidan, kowa ya watse da isha'i, na same ta ita kaɗai a kan tabarma, rediyo na ta magana, kwanon tuwonta a rufe ba ta taɓa ba. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Goggonsu, da wa ni ka ci?" Wannan kalma ba ta bar zuciyata ba har yau.

Al'adar da na tashi na tarar a cikin gari ba ta hana tsohuwa aure ba, hasali ma iyayenmu sun fi son mutuwa ta riske su da igiyar aure a kansu, ko da yake addini bai sa wannan sharaɗi ba. Saboda irinsu ne ake da auren ɗauki-sandarka, wanda wasu ke kira auren takalmi: matar na zaune a gidanta cikin 'ya'yanta, mijin ne ke zuwa wurinta. Haka ƙanwar kakarku ta yi a unguwarmu ta kusa da Hubbare. Ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Shehu, dattawa ƙalilan suka zauna a zaure, aka miƙa sadaki, aka raba goro, aka shafa fatiha, ba kiɗa ba gayya. Daga nan kullum bayan la'asar sai mu ga takalman tsohon a ƙofar ɗakinta, sandarsa a jingine, suna hira ta dama masa fura, kuma babu wanda ya ce uffan. Abin da al'ada ke ƙyama shi ne babbar mace ta yi bidiri irin na budurwa, ko a riƙa ganinta da namiji ana zance a ƙofar gida. Shi ya sa ake gaggauta ɗaurawa cikin sutura.

Ta fuskar addini maganar ta fi haka fitowa fili. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne a kan sahabi Ma'aƙilu ɗan Yasar lokacin da ya hana 'yar'uwarsa komawa ga mijin da ya sake ta, kuma da ita malamai ke kafa hujja cewa waliyyi ba ya da ikon tsare mace daga auren da ta yarda da shi in babu aibi ga manemin. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta kawo uzurin shekaru da 'ya'ya da kishi lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi aurenta, bai kuwa ɗauki ko ɗaya a matsayin cikas ba. A cikin Risala da muka karanta a makarantar zaure an ce bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma sai ta furta da bakinta, sannan a wajen walicci ɗa yana gaban uba. Ke nan yayanku shi ne waliyyinta. Haƙƙinsa ne ya binciki addinin mutumin da halinsa da lafiyarsa, amma in ya ƙi ba tare da dalili ba, alƙali na iya ɗaurawa, ni kuwa ba na fatan maganar gidanmu ta kai can.

Kada ki yi saurin ganin laifin yayan naki. Shi ne ɗan fari, Innarku ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce tana son aure, don haka a bakin mutane ya ji labarin, abin ya zo masa kamar an raina shi. Irin wannan magana a da ba ta bi ta tsakanin uwa da ɗa kai tsaye, sai ta hannun kawu ko goggo, kuma a nan mu manya muka yi sakaci.

Akwai kuma abin da ba ki rubuta ba amma na san yana ran wasunku, wato gidan. Tun rasuwar mahaifinku ba a raba gado ba, jinkirin nan shi ke haifar da zargi. A kira malami a raba, a fitar wa Innarku da tumuninta, kowa ya san nasa. Sabon miji ba ya da ko ƙwayar gero a dukiyar mahaifinku. Abin da shari'a ta ba shi shi ne rubu'in abin da ita kanta ta mallaka in ta riga shi rasuwa, kamar yadda ita ma take da rabo a nasa, kuma gara a faɗi wannan a gaban kowa tun yanzu.

Ke dai kada ki shiga tsakaninsu da gardama, ki ci gaba da zuwa gaishe ta, ki kai mata yara su kwana. Na aika wa kawunku, mun shirya ranar Asabar da hantsi in Allah ya kai mu zan fara shiga wurin Innarku in ji daga bakinta, sannan mu kira yayanku zaure shi kaɗai, ban da matarsa, ban da ƙannensa.