Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Joensuu: yadda zafin murhu ɗaya ke zagaya gida

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da gurbin karatun da ka samu a Jami'ar Gabashin Finland. Allah ya sanya albarka. Ka ce za ka zo da mai ɗakinka da ɗanku ƙarami, kuma ka ga wani tsohon gidan katako a bayan garin Joensuu wanda kuɗin hayarsa bai kai na cikin gari ba, sai dai murhun itace ɗaya ne a tsakiyarsa, da 'yan hitocin lantarki a ɗakuna. Kana son sanin ko murhun zai ɗumama gidan duka, ko kuwa falo ne zai yi zafi a bar masu barci suna rawar ɗari.

Zai ɗumama, amma ba da girman wuta ba. A hunturuna na farko a irin wannan gida na ɗauka maganin sanyi shi ne a ƙara faskare, don haka nakan cika murhu har falo ya gagari zama, ina zufa da singileti, alhali a ɗakin kwana na can ƙurya sai an rufa da bargo biyu. Itace ya tafi, sanyi yana nan daram. Daga baya na fahimci cewa zafin da nake samarwa ya isa, hanyar da zai bi ya kai ƙuryar ce na kasa buɗe masa.

Kafin komai, ka tambayi mai gidan wane irin murhu ne, domin iri biyu ne kuma halinsu ya sha bamban. Na ƙarfe yana zafi cikin mintoci kaɗan, yana kuma hucewa da zarar wuta ta mutu. Na bulo ko na dutse, wanda suke kira takka, nauyinsa kan wuce tan guda, kuma hayaƙi ba ya miƙewa sama kai tsaye, sai ya zagaya ta wasu hanyoyi a cikin jikin ginin ya bar zafinsa a can kafin ya fita. Ana hura shi awa ɗaya zuwa biyu, sannan ya yini ya kwana yana sakin ɗumi a hankali. Idan ka tuna gadon ƙasa da kakanninmu ke hura wa wuta a ƙarƙashi, wanda kan kai asuba da ɗumi bayan garwashi ya mutu, to dabarar ke nan. Yankin da za ka je ma ya shahara a kan wannan, domin a ƙauyen Nunnanlahti da ke arewa da Joensuu ake haƙo dutse mai santsi kamar sabulu, wanda kamfanin Tulikivi ke gina murhu da shi. Idan irin wannan ka tarar, rabin aikinka ya ƙare, saboda ɗumin da ke fitowa sannu a hankali yana samun lokacin ratsa gida, ba kamar na ƙarfe ba da ke zubo zafinsa a lokaci guda ya taru a saman falo.

Fasalin gidan shi ma yana da tasiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Finland ta tsugunar da mutane fiye da 400,000 da suka baro ɓangaren yankin Kareliya da Tarayyar Soviet ta karɓe, an gina dubban gidajen katako masu ɗaki a cikin rufi, waɗanda aka dasa bututun hayaƙi na bulo a tsakiyarsu, ɗakuna kuma suka kewaye shi, ta yadda kowane ɗaki yana da bango ɗaya mai ɗumi. Idan gidanka irinsu ne, kada ka jingina kwaba ko akwatuna a jikin wannan bango.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take hawa ta kwanta a ƙarƙashin silin, mai sanyi kuwa tana da nauyi, ƙasa take bi kamar ruwa. Ɗaki ba zai karɓi iska mai zafi ba sai mai sanyin da ke cikinsa ta sami mafita. Za ka iya gani da idonka: ka kunna turaren tsinke ka tsaya a bakin ƙofar da ke tsakanin falo da ɗaki mai sanyi. Idan ka ɗaga shi sama kusa da kan ƙofa, hayaƙin zai karkata ya shiga ɗakin, idan kuma ka sauke shi kusa da daɓe, sai ya juyo ya nufi murhu. Zagayen yana nan da kansa, aikinka kawai shi ne ka ƙara masa ƙarfi.

Ni da na fara, sai na ɗora fanka a kan tebur kusa da murhu ina hura zafi zuwa ɗaki, ban ga wani canji ba sai ƙura da ta tashi. Wani dattijo maƙwabcina ne ya shigo, ya dubi fankar, ya cire ta bai ce uffan ba, ya kai ta bakin ƙofar ɗakin kwana ya ajiye a ƙasa, fuskarta na kallon murhu, ya sa ta a lamba mafi ƙanƙanta. Na ɗauka ya ruɗe ne, tunda sanyi yake turo mana falo. Kafin awa biyu ma'aunin zafin da ke ɗakin ya hau da digiri uku, falon kuma ya sauko ya zama wurin da mutum zai iya zama. Dalili shi ne iskar ƙasa ta riga ta nufi murhu, fankar tura ta kawai take yi, kuma duk abin da ya fita ta ƙasa, mai ɗumi ce ke maye gurbinsa ta saman ƙofa. Ƙaramar fanka ta isa, domin babba tana kawo kaɗawar da jiki ke ji kamar sanyi. Akwai kuma wata 'yar fanka da ake ɗorawa a kan murhu, wadda zafi ke juya ta ba tare da lantarki ba. Tana da amfani a kan na ƙarfe, amma saman na dutse ba ya zafin da zai juya ta sosai, kuma a ganina ko a kan na ƙarfen ba ta kai zafi nesa.

Wannan duka yana buƙatar ƙofofi a buɗe, abin da ba mu saba da shi ba, musamman idan ana baƙi. Mu a gidanmu mun sasanta da labule mara kauri wanda bai kai sama ba, bai kuma taɓa ƙasa ba. Bene kuwa matsalarsa akasin haka ce, domin matakala tana zuƙe zafi kamar bututu, don haka wani lokaci sai ka tura ƙofarta ka bar 'yar kafa, in ba haka ba sama ta yi zafi ƙasa ta huce.

Kada tsadar lantarki ta sa ka kashe hitocin banɗaki da na ɗakunan da bututun ruwa ya ratsa. A Joensuu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu ko Fabrairu, kuma bututun da ya daskare ya fashe zai ci kuɗin da ya ninka abin da ka yi tattali. Ka rage su kawai, murhu ya ɗauki sauran nauyin.

Itacen ya zama busasshe, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, ka kuma shigo da na gobe tun yau domin sanyin waje ya sake shi. Idan kana hura wuta, ka kashe fankar da ke zuƙe hayaƙin girki, saboda a gidan da ba ya shan iska tana iya janyo hayaƙin murhu ya dawo falo. A jikin bututun hayaƙi akwai wani faifan ƙarfe da ake ja da turawa, suna kiransa pelti. Idan ka bar shi a buɗe bayan wuta ta mutu, zafin da ka tara zai gudu ta sama, idan kuma ka rufe shi garwashi na da sauran ja, iskar guba marar wari da suke kira häkä za ta cika gidan. Ka jira har garwashin ya mutu murus kafin ka rufe. Saboda wannan gubar ce kuma nake roƙonka, don Allah, ka bar al'adar shiga ɗaki da kaskon gawayi a can gida, domin tagogin nan ba su da kafar da iska za ta shiga ta cece ku.

Doka ta tanadi a share bututun hayaƙin gidan da ake zaune a ciki sau ɗaya a shekara, don haka ka nemi mai gidan ya nuna maka takardar sharar ƙarshe kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka kuma tambaye shi wa zai sayi itace, kai ko shi. Na'urar gano hayaƙi wajibi ce, ta gano iskar guba kuwa ka saya da kuɗinka ko ba a tilasta maka ba. Ka turo mini hoton murhun da zanen ɗakunan, zan nuna maka inda fankar za ta zauna. A gaida mutan gida.