Waƙar Wa Ce "Proud Mary"?

Tambaya: Ni da yayana mun yi gardama. Shi ya ce "Proud Mary" ba waƙar Ike da Tina Turner ba ce, aro suka yi. Don Allah a raba mana. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, yayanki ya fi ki gaskiya. John Fogerty ne ya rubuta ta, ƙungiyarsa ta Creedence Clearwater Revival ta fitar da ita a 1969 a Amurka, har ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Mary ɗin ma ba mace ba ce, sunan jirgin ruwa ne da ke bin kogi.

A 1971 Ike da matarsa Tina suka fitar da tasu, suka sauya mata kama. Tina ke buɗewa da magana a natse, Ike na bin ta da murya mai kauri, kiɗa na tafiya sannu kamar kwalekwale da asuba. Can sai ganguna da ƙahoni su ɓarke. Na fara jin ta ne a wani tsohon kaset na kawuna, har yau wurin nan na sa tsigar jikina tashi. Tasu ta kai ta huɗu a jerin Billboard, ta ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa a Amurka, a 1972.

Abin da ke min ciwo, a bayan fage auren cike yake da duka, kamar yadda Tina ta faɗa da bakinta. Ta bar shi a 1976, aure ya mutu a 1978, amma ta ci gaba da rera waƙar shekara da shekaru. Ta rasu a Suwizalan a 2023.