Shin sai na ɗauki barista kafin in kare gidana a kotun Ingila?

Tambaya: Ina zaune a gidan kansil, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Birmingham, bashin haya ya taru a kaina bayan na rasa aiki, ga funfuna ta cinye bangon ɗakin yara duk da ƙorafin da na sha kaiwa. Yanzu sammaci ya iso, ana neman fitar da ni. Shin sai na ɗauki barista?

Amsa: Malama, Allah ya kawo mafita. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne: solisita shi ke karɓar ƙorafi, ya tattara hujjoji, ya shirya takardu, barista kuwa ƙwarewarsa tsayuwa gaban alƙali. Tun 2004 an ba mutum damar ɗaukar barista kai tsaye, amma ba zan ba ki wannan shawara ba, domin ta nan ba a samun tallafin shari'a na gwamnati, daga aljihunki za ki biya. Ki fara neman solisita mai karɓar wannan tallafi, domin ko da dokar 2012 ta zaftare shi sosai, ba ta cire shari'ar raba mutum da muhallinsa ba, kuma solisitan ne zai kira barista idan ƙarar ta yi nauyi.

Akwai alamar taki za ta yi nauyin. Idan hayarki irin ta dindindin ce a ƙarƙashin dokar gidaje ta 1985, bashi kaɗai ba ya tilasta wa alƙali korar ki, sai ya gamsu cewa yin hakan ya dace, kuma sau da yawa yakan jingine umarnin bisa sharaɗin ki riƙa biyan haya tare da rage bashin kaɗan-kaɗan. Nan ne amfanin barista yake fitowa, domin zai iya tsaya miki a kan ƙarar martani, wato ke ma ki kai ƙarar kansil, game da gyaran da aka ƙi yi, ta yadda diyyar da aka yanke za ta cinye wani ɓangare na bashin. Saboda haka ki ɗauki hoton bangon, ki adana kowace wasiƙa da kika aika da takardar likita idan tari ya kama yaran.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙin zuwa kotu don tsoro, alhali zaman farko 'yan mintoci ne. Ko ba ki samu kowa ba, ki isa kotun gunduma da wuri ki tambayi lauyan da ke bakin aiki ranar, wanda yake tsaya wa masu haya kyauta ba tare da duba samunsu ba, ki miƙa masa sammacin da takardar lissafin hayarki.